Saniyar Da Ta Fi Gidan Sama Tsawo

A ƙasar Amurka akwai wata irin tafiya da iyalai sukan yi lokacin hutun makaranta, wadda za ta ba mai karatu dariya. Ba ziyarar dangi ba ce, ba kuwa fatauci ba. Maigida da uwargida da yara sukan cika mota da guzuri, su yi kwana uku ko huɗu a hanya, don kawai su ga manya manyan abubuwan da ƙananan garuruwa suka kafa a bakin titi. Wani gari ya kafa kifi mai girman babbar mota, wani kaza, wani kujera, wani kuwa tukunyar shayi. Kusan kowane gari ya rubuta a allo cewa nasa ya fi na kowa girma a duniya.

Mu ma mun yi irin wannan tafiya cikin watan Yuli. Mun tashi daga birnin Minneapolis a jihar Minnesota, muka nufi yamma har wani ƙauye da ake kira Regent a jihar Dakota ta Arewa, tafiyar kusan mil 600. Mun sha dariya ƙwarai, amma mun komo da wata magana da ta fi dariya nauyi. Ita ce muke so mu kawo muku.

Dunƙulen igiya

Zangonmu na fari shi ne Darwin, mil 60 da 'yan kai daga Minneapolis. Mutanen garin kimanin 350 ne. A tsakiyar gari an gina wata 'yar rumfa mai tagogi kewaye, a ciki kuwa ga wani dunƙulen igiya zaune. Faɗinsa ƙafa 12 ne, nauyinsa wajen kilo 7,900, wato kamar buhun masara 79. Igiyar irin wadda manoma suke ɗaure ciyawar dabbobi da ita ce.

Mutum ɗaya ne ya naɗa shi, sunansa Francis Johnson. Ya soma a watan Maris na 1950, bai daina ba sai 1979, shekara 29 ke nan. Da dunƙulen ya fi ƙarfin hannunsa, sai ya riƙa juya shi da jak irin na ma'aikatan jirgin ƙasa, domin kada wani gefe ya fi wani tudu. Bayan rasuwarsa a 1989 aka ɗauko dunƙulen daga gidansa aka kawo cikin gari. Kowace shekara kuma, ran Asabar ta biyu ga watan Agusta, mutanen Darwin sukan yi masa biki.

Suna da abokan gasa. A garin Cawker City na jihar Kansas akwai wani dunƙulen da aka soma a 1953, wanda mutanen gari da baƙi suke ta ƙara masa igiya, har ya fi na Darwin nauyi. Mutanen Darwin ba su yi gardama ba. Sun dai ce nasu ne mafi girma wanda mutum ɗaya ya naɗa shi kaɗai. Kowa ya tsira da mutuncinsa ke nan.

Yaran da suke tare da mu suka tambaya, me za a yi da shi? Babu abin da za a yi da shi. Amma ga mu a Darwin, garin da ba mu taɓa jin sunansa ba, mun sha mai, mun ci abinci, mun sayi 'yan katin hoto. Ashe amfaninsa ke nan.

Hanyar da ba ta tsayawa

Daga Darwin muka yi arewa, muka hau babbar hanya mai lamba 94. Wanda bai fahimci wannan hanya ba, ba zai fahimci ƙattin da suke bakinta ba.

A dā hanyoyin mota sukan ratsa ta tsakiyar kowane gari. Direba yakan rage gudu, ya ga kanti, ya ga gidan abinci, ya ga masauki, ya tsaya. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar gina sababbin manyan hanyoyi da za su haɗa jihohi duka. Waɗannan hanyoyi ba su shiga ƙaramin gari, sai dai su kewaye shi. Babu mararraba, babu fitilar tsayawa, mota tana gudun mil 70 ko fiye a awa. Mai tafiya ya ji daɗi, amma mai kanti a ƙaramin gari ya wayi gari ya ga ciniki yana wucewa ta bayan gidansa. A 1965 kuma aka yi wata doka da ta ƙuntata kafa allunan talla a bakin waɗannan hanyoyi.

Ga kuma wata damuwa da ta fi wannan daɗewa. Manyan injunan noma sun sa mutum ɗaya yana nome ƙasar da iyalai da yawa suke nomawa a dā. A 1935 gonakin Dakota ta Arewa sun fi 84,000. A ƙidayar 2022 kimanin 25,000 suka rage. Ƙasar noma ba ta tafi ko'ina ba, mutane ne suka tafi. Samari da 'yan mata sun gama makaranta sun nufi birane, garuruwa suka zama na tsofaffi.

To, ƙaƙa ƙaramin gari zai yi magana da mutumin da yake wucewa da irin wannan gudu? Ba shi da lokacin karanta dogon rubutu. Sai dai a nuna masa abin da idonsa ba zai iya ƙi ba, abin da yaro a kujerar baya zai gani ya yi ihu a tsaya.

Kaza, ɓauna da gauraka

A Rothsay, kafin mu bar Minnesota, muka tarar da kazar jeji ta siminti, tsayinta ƙafa 13, wadda aka kafa a 1976. Muka ƙetare Jan Kogi a birnin Fargo, muka shiga Dakota ta Arewa. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, sai gonakin alkama da masara da waken soya iyakar ganin ido. A watan Yuli rana ba ta fāɗuwa a can sai bayan ƙarfe tara na dare, saboda haka matafiyi yana da wuni mai tsawo.

Kusan mil 100 yamma da Fargo, sai ga ɓauna tsaye a kan tudu bisa garin Jamestown. Tsayinsa ƙafa 26, tsawonsa ƙafa 46, nauyinsa tan 60. Wani malamin zane na kwalejin garin, Elmer Petersen, shi ya gina shi da ƙarfe da siminti a 1959, daidai lokacin da sabuwar hanya take isowa. Mutum yakan tsaya a ƙarƙashin cikinsa ya miƙa hannu bai taɓa shi ba.

Mun yi shiru kaɗan a nan. Gama a dā ɓaunan Amurka miliyoyi ne suke kiwo a wannan fili, su ne abinci da sutura da ɗakin kwana na 'yan asalin ƙasar. Maharba suka karkashe su, har kafin 1890 waɗanda suka rage ba su kai dubu biyu ba. Da ƙyar aka ceci irinsu. Kusa da na simintin akwai makiyaya inda ake kiwon garke mai rai, aka nuna wa yara su daga nesa.

A Steele kuma, gaba kaɗan, wani tsuntsu ɗan'uwan gauraka ne na ƙarfe, tsayinsa wajen ƙafa 40. Kada mai karatu ya zaci waɗannan siffofi na tsafi ne. Babu mai rusuna musu. Yara suna hawan ƙafafunsu, manya suna ɗaukar hoto.

Saniyar New Salem

Muka ƙetare kogin Missouri a Bismarck, babban birnin jihar. Bayan mil 30, tun muna nesa da garin New Salem, muka hango ta a kan dutse, baƙa da fari, tana duban hanya. Sunanta Salem Sue. Tsayinta ƙafa 38, wato ta fi bene mai hawa uku, tsawonta kuwa ƙafa 50. An yi ta da irin robar nan mai ƙarfi da ake yin kwalekwale da ita, aka kawo ta gunduwa uku daga jihar Wisconsin a 1974. Kuɗinta dala 40,000 ne, manoma da 'yan kasuwa da sauran mutanen gari suka tara.

Sun kafa ta don girmama masu kiwon shanun madara, gama madara ce ta gina garin. Muka hau dutsen ta wata 'yar hanyar tsakuwa, iska tana neman tuɓe mana huluna. Daga can sama ana ganin gonaki har inda sama ta haɗu da ƙasa. Abin da ba a gani sosai shi ne shanun madara. A shekarun 1980 gonakin madara a jihar sun fi dubu, yanzu ba su kai hamsin ba. Saniyar da aka kafa don fahariya ta zama abin tunawa.

Malamin da ya koyi walda

Zangonmu na ƙarshe shi ya fi taɓa mana zuciya. Regent ba ta bakin babbar hanya, tana mil 32 kudu da ita. A 1950 mutanenta kimanin 400 ne, a ƙidayar 2020 kuwa 170. Wani ɗan garin mai suna Gary Greff, wanda ya yi aikin malanta har ya zama shugaban makaranta, ya komo gida ya ga garinsu yana mutuwa a tsaye. Bai taɓa koyon zane ba, bai kuwa iya walda ba. A 1989 ya ƙudura zai jera siffofin ƙarfe a kan wannan hanya ta mil 32, domin kowace ɗaya ta ja matafiyi zuwa ta gaba, har ya iske kansa a Regent. Manoman wurin sun iya walda, gama su suke gyaran injunansu, su suka taimake shi da farko. Ya sa wa hanyar suna Enchanted Highway, wato Hanyar Al'ajabi.

Daga babbar hanya, kusa da Gladstone, abin da ya fara tsone mana ido shi ne garken dinya suna tashi. Tsayin wannan aiki ƙafa 110 ne, an yi shi da tsofaffin tankuna da bututun rijiyar mai, aka gama a 2001, har ya shiga littafin Guinness a matsayin siffar tsohon ƙarfe mafi girma a duniya. Muka juya kudu. Sai ga bareyi suna tsallake shinge. Gaba kaɗan ga fāra manya manya a cikin gona, abin tunawa da ɓarnar da fāra ta sha yi wa manoman wurin. Sa'an nan kifaye suna tsalle, da wasu tsuntsaye 'yan'uwan fakara masu dogon wutsiya, zakaransu ƙafa 40. Sai Shugaba Theodore Roosevelt a kan doki, wanda ya yi kiwon shanu a yammacin jihar yana saurayi. Daga ƙarshe, dab da gari, ga iyalin gwangwani, uba da uwa da ɗa, waɗanda aka fara kafawa a 1991. Uban ya kai ƙafa 45, gashin uwar kuwa na waya mai ƙaya ne.

A Regent muka ga tsohuwar makarantar gari, wadda aka daina karatu a cikinta bayan an haɗa yara da na garin Mott. Greff ya mai da ita masauki mai kamar fādar sarki, aka buɗe a 2012. Ɗakunan da yara suka yi karatu a ciki sun zama ɗakunan kwanan baƙi.

Shin dabarar ta ci?

Gaskiya ita ce, babu saniyar roba ko dinyar ƙarfe da ta komo da samarin da suka tafi birni. Baƙi da rani suke zuwa, da sanyi kuwa ƙanƙara takan rufe ƙasa wata da watanni. Iska da tsatsa suna cin ƙarfe, fenti yana so a sabunta, masu yin aikin kuma suna tsufa. Kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da tambaya guda a gabansa: wa zai riƙe in waɗannan sun gaji?

Duk da haka ba a yi aikin banza ba. Motar da ta ratse ta sha mai, iyalin da suka ci abincin rana, baƙon da ya kwana ɗaya, su ne sukan sa kanti ɗaya tak da ya rage a gari ya ƙara shekara bai rufe ba. Inda kanti ya rufe, tsohuwa sai ta yi tafiyar mil da yawa kafin ta sayi burodi. Ban da wannan kuma, mutanen da suka tara kuɗi tare, suka yi walda tare, suka shirya biki tare, sun sami dalilin haɗuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle saniya mai nauyin tan shida.

In Allah ya kai waninku wannan ƙasa, ga shawararmu. Ku tafi tsakanin Yuni da Agusta. Ku cika tanki kafin ku bar babbar hanya, gama gidajen mai suna da nisa da juna. Yawancin wuraren nan kyauta ake kallo, amma a wasu akwai akwatin gudummawa, kada ku wuce shi. In kun gama ɗaukar hoto, ku shiga cikin garin, ku sayi ko da shayi ne, ku gai da mai kanti. Don haka aka kafa ƙaton tun farko.