Dodanni a cikin akwati

A ƙarƙashin gadona akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa kuma akwai wani littafi mai kaurin bango da ya ci mini sama da jika 30. Shekara biyu ke nan, sau uku kaɗai na buɗe shi a gaban mutane. Sunansa Monster Manual, fassarar Faransanci, kundin dodannin wasan Dungeons & Dragons. Wani abokina da ke karatu a Faransa ne ya riƙo mini shi da ya zo hutu, bayan na yi wata uku ina tsimi daga kuɗin tallafin karatu. Duk wanda ya tambaye ni wane littafin irin wannan wasa ya cancanci saye, akwatin nan nake fara tunawa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda wasan yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labari yana magana da bakinsa, ɗaya kuma ya riƙe ragamar labarin, ya faɗi abin da suka tarar da abin da ya biyo bayan aikinsu. In abin da mutum ya nufa yana da haɗari, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Ba a zuba ko dala a ƙasa, ko da yake har yau kawuna bai daina tambayata ko caca ce ba. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, kuma daga shi sauran suka yaɗu. Faransawa na ce masa jeu de rôle. Mu a fadarmu ta nan Yamai wasan labari muke cewa, mai riƙe ragamar kuwa madugu.

Abin da ya raba mu da waɗanda aka rubuta littattafan dominsu shi ne harshe. Littafi da Faransanci ko Ingilishi yake zuwa, wasa kuwa da Hausa ake yinsa, Zabarmanci na leƙowa jefi-jefi. Saboda haka duk abin da ke shafi sai ya bi ta bakin madugu kafin ya isa tabarma. Da wannan na koma auna littafi: nawa ne daga cikinsa yake fita daga bakina da ransa?

Littafin ƙa'idoji yana fita. Dalili kuwa ɗalibin harshe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, domin ƙa'idar wasa ƴar'uwar nahawu ce: ka koye ta sau ɗaya, ka haifi labaran da ba su da iyaka. Kalmominta ma ba su daɗe suna baƙunta. Abin da littafi ya kira points de vie, wato lissafin raunin da mutum zai iya ɗauka kafin ya faɗi, wata ƴar Tawa a cikinmu ta ce masa "sauran kwana", ya zauna. Jifar da ake yi don kuɓuta daga guba ko tarko ta zama "tsallake rijiya". Babu wanda ya kira taro kan haka. Bugun 2014 na Dungeons & Dragons littafi uku ne manya, amma na ƴan wasa, Player's Handbook, shi kaɗai ne hannu ke kai wa a kowane zama. Shi ɗin ma kada a yi gaggawa, tun da kamfanin ya sa taƙaitattun ƙa'idojin kyauta a intanet. A buga su wurin mai fotokofi, a yi zama biyar, a ga ko jama'a za su dawo na shida.

Kafin a biya kuɗi kuma a duba abin da littafin ke nema ban da kansa. Dungeons & Dragons yana son ƴaƴan jifa masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Na zaga kasuwa ban ga ko ɗaya ba sai mai fuska shida. Wata biyu muka yi muna zaro ƙuri'ar takarda daga cikin hula. Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, da wasannin da suka bi tsarinsa, ɗan lido biyu kawai suke buƙata: 10 zuwa sama ka yi nasara, 7 zuwa 9 ka samu amma da tsada, 6 zuwa ƙasa madugu ya yi yadda ya ga dama da kai. Wannan ana iya bayyana wa sabon zuwa kafin shayin farko ya tafasa.

Kundin dodanni da littattafan da ke bayanin ƙasashen ƙage su ne suka fi kyau a ido, kuma a bakina suke mutuwa. Littafina ya haura shafi 300. Ya bambanta orc da gobelin da troll da ogre, kowanne da zanensa da halinsa, domin mai karatu a Turai ya taso da hoton kowannensu a kansa. Da na buɗe baki sai duka huɗun suka zama dodo. Na gwada "ƙaramin dodo" da "dodo mai haure", aka yi mini dariya. Inda aka samu kalma kuma, sai ta zo da kayan da suka fi ƙarfin wasa. Ran da na fassara elfe da aljani, wani abokinmu ya ajiye takardarsa ya ce shi ba ya wasa da wannan suna bayan magariba, kuma ban ga laifinsa ba. Clerc, mai warkarwa da ikon abin bautarsa, in na ce malam na yi saɓo, in na ce boka na yi ƙarya. A ƙarshe na rufe littafin na ɗauko mutumin da ke rikiɗa kura da dare, da dodon da ke tsare rijiya, da makircin Gizo. Nan take aka nutsu, don kowa ya san abin tsoro a cikinsu tun yana kan cinyar kakarsa, kuma ko tamma ban biya ba.

Akwai waɗanda aka gina kan Afirka, irin su Nyambe na 2002 da Spears of the Dawn na 2013. An yi ƙoƙari, sai dai an rubuta su ne domin wanda sai an gaya masa mene ne maroƙi.

Shiryayyen labari, wanda aka tsara daga farko har ƙarshe, sabon madugu ya samu guda ɗaya gajere ya ga yadda ake ɗaure zare. Na biyu ɓarnar kuɗi ne. Sassan da aka ce a karanta wa ƴan wasa da ƙarfi kuwa a tsallake su, domin jimlar da aka rubuta don ido, in aka fassara ta nan take, kamar sanarwar rediyo take fita.

Littafin da ban taɓa nadamar sayensa ba shi ne mafi ƙanƙanta. Sunansa Dialect, na Kathryn Hymes da Hakan Seyalıoğlu, kuma a kan harshe yake da yadda yake mutuwa. Babu ɗan lido a cikinsa, sai katuna. Ƴan wasa za su zama al'ummar da ta keɓe daga duniya, su riƙa ƙirƙiro kalmomi daga abin da ya dame su, su yi magana da su, har zamani uku su shuɗe keɓewar ta ƙare. Na saye shi ta intanet, muka buga katunan muka yanka da almakashi. Babu abin da ya ɓace a fassara, tun da kalmomin da ake wasa da su namu ne.

Mun zama ayarin fatake da hanya ta yanke musu a bakin wata rijiya. Kafin sa'a guda "guga" ta koma nufin amana, "ya tsinke" ta koma nufin ya mutu. A zamani na uku ƴaƴanmu suka shiga birni, aka fara yi musu dariyar maganarsu, suka daina. Wani ɗan Damagaram, wanda ya fi kowa surutu a fada, ya ɗauki tsohuwar da ta rage ita kaɗai tana cewa "guga". Ya yi maganarta ta ƙarshe, sannan ya yi shiru har shayinsa ya huce. Da muka tashi, a hanya, ya ce mini kakarsa Barebari ce, kuma in ta yi masa magana da harshenta da Hausa yake amsa mata, tun yana yaro. Da ya tafi hutun bana ya ari na'urata ta ɗaukar murya, har yanzu bai maido ba.