Keken Gidanmu, Keken Gari

A Nima da Mamobi, yara da yawa sun koyi hawan keke ne a wurin masu bayar da haya, ba a gidan iyayensu ba. Yaro ya biya 'yan kuɗi, ya zaga lungu sau biyu, ya komo. A ƙauyukan arewacin Gana kuwa, inda iyayensu suka fito, ba a cika yin haya ba, aro ake yi.

Akwai wata mai sayar da atamfa a Kasuwar Makola, mutuniyar wani ƙauye kusa da Walewale. Ta yi adashi, ta sayi keke Phoenix, ta aika wa ɗan ƙanenta domin makarantarsu da nisa. Kafin kaka keken ya zama na kowa. Da asuba an ɗora masa jarkar ruwa, da hantsi ya kai masara injin niƙa, ran kasuwa kuwa sai wanda ya riga. Yaron ya koma tafiya a ƙasa.

Sa'ad da ta ji, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ƙanenta ya ce, "Yaya, maƙwabcina ya zo da dare, ɗansa na zazzaɓi, asibiti da nisa. In ce masa me?" Ta yi shiru, gama ta san ƙauyen da ba mota, hana aro ba ƙaramin abu ba ne.

Ba aron ne ya kashe keken ba. Kowa ya hau, amma faci da sarƙa da birki ba na kowa ba ne. Mai haya a Nima yana gyara nasa domin abincinsa ke nan. Na aro kuwa akan jingine shi a inuwa, a yi shiru. Shi ya sa ƙungiyar Village Bicycle Project, wadda ta soma aiki a Gana a 1999, ba ta tsaya ga kai tsofaffin kekuna ƙauye ba, tana koya wa mutane gyara.

Da Kirsimati matar ta aika da tayoyi biyu da famfo, tare da sharaɗi. Daga safe har a tashi makaranta keken na yaro ne. Bayan haka mai so ya ɗauka, ya jefa abin da ya samu a gwangwani domin gyara. Marar lafiya ba ya biya, ko da tsakar dare ne. Wasu dattawa sun yi gunaguni, wai ta koyi halin Ankara. Gwangwanin dai yana hannun matar ƙanenta.