Ciwon Da Ke Jiran Yaro Ya Girma

Yau na ɗan jingine labarinmu, saboda wani abu da ya tsaya mini a rai.

A littattafanmu idan budurwa ta kwanta tana ta ramewa an rasa dalili, mai karatu ya san inda za a dosa: jifa ne ko sammun kishiyar uwa. To akwai wani jifan da ba boka a cikinsa, ba ya wari, ba a ganinsa, wato tururin nukiliya. Yakan shiga jikin yaro ya lafe shekaru, sannan ya fito da ciwon daji.

Ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Chanobil da ke Yukren ta fashe. Gubar ta sauka kan ciyawa, shanu suka ci, iyaye suka ba 'ya'yansu madara ba su sani ba. Sinadarin aidin mai guba ya taru a ƙullin wuyan yaran, wurin da maƙoƙo ke fitowa. Ba a ga yawaitar cutar ba sai bayan shekara huɗu zuwa biyar. Zuwa 2005 fiye da mutum 6,000 da ke yara ko matasa a lokacin hatsarin sun kamu da dajin wuya a Belarus, Yukren da Rasha. Yaro ya fi babba shiga haɗari domin jikinsa na kan ginuwa, kuma yana da doguwar rayuwa a gaba da cutar za ta jira shi.

Na kawo wannan ne saboda mu ma muna da namu a kusa. A Arlit ta Nijar, inda Hausawa da yawa ke zaune, an fara haƙar yuraniyom tun 1971. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani titi a Akokan ta tarar tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500, ta kuma ga gurɓatattun ƙarafa a kasuwa. Kamfanin Cominak ya rufe a 2021, ya bar sharar ma'adini wajen tan miliyan 20. Gubar ta bambanta da ta Chanobil, amma yara na wasa a ƙasa, suna shaƙar ƙura.

Ni dai roƙona a riƙa duba lafiyar yaran nan har su girma, a kuma ajiye bayanansu, don ranar da ɗayansu ya kwanta a san inda za a fara bincike, kada a ɗora wa wata baiwar Allah laifi. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.