Zaren Bikin Ƙanwata

'Yan uwana mata, yau zancen zare zan yi muku, don ya taɓa sa ni kuka a gaban goggona.

A shekarar 2018 aka sa ranar bikin ƙanwata a Sabon Birni. Ni kuwa a lokacin na sami 'yan kuɗi daga wani littafina, sai na ɗau alkawarin luru shida da gwado huɗu, saƙin hannu, irin wanda iyayenmu Gobirawa suka tare da shi. Kaɗi ya yi ƙaranci, matan da suka iya riƙe mazari duk sun tsufa. Masaƙun zamani na Kaduna ma da ake sayen zare a wurinsu sun mutu, ɗaya daga cikinsu da aka buɗe a 1957 an rufe ta tun 2002. Saboda haka zaren waje ne ya cika kasuwa. Na shiga Kano na sayo dami guda, fari tas, mai sheƙi. Mai shagon ya rantse mini auduga ce zalla, ni kuma ina gaggawar mota.

Da na biya ta Isa na sauke wa Goggo, ko sannu da hanya ba ta gama yi mini ba ta zaro sili ɗaya. Ta naɗe shi a yatsu biyu ta ja. Ta jiƙa shi da yawu ta sake ja. Ta warware murɗin tana duba ko zai yi zaren tsaye, wanda ke son murɗi mai ƙarfi, ko kuwa sai dai abawa. Sannan ta ce a miƙo mata ashana.

Ashe auduga in ta kama wuta ƙamshin takarda take yi, ta bar toka mai laushi wadda ke watsewa da ka hura. Nawa kuwa sai ya nannaɗe, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar ɗan ƙullutu mai tauri a bakin silin.

"Ɗiyata, wanga da roba ciki," in ji ta. "Shuni ba ya kama shi."

Na yi gardama, wallahi, saboda kuɗina. Sai ta sa aka saƙa ɗan ƙyalle kamu ɗaya, aka kai marina, aka tsoma har sau uku. Ya fito dabbare-dabbare, wani wuri shuɗi wani wuri fari-fari, kamar an wanke shi shekara goma. Nan na zauna a tabarma na fashe da kuka. Da an saƙa duka goman, da wannan za a shimfiɗa a gaban dangin ango.

Muka sayar da damin da asara ga masu ɗinkin buhu. Goggo ta bi ƙawayenta gida-gida tana tara abawa, kowane ƙulli sai ta ƙona bakinsa kafin ta biya, har na aminiyarta. Luru biyu kawai muka samu. Su aka kai ɗakin amarya, sauran kuwa barguna na kanti na cika da su.