Fitsarin Ranar Jarrabawa

Ranar da muka rubuta Lissafi, sau uku na zaga bayi kafin a raba takardu. Ina zama, fitsari ya sake matsa ni. Kunya ta hana ni ɗaga hannu, na yi ta matse ƙafafu har tambaya ta biyu ta gagare ni.

Ashe ɓera ma haka yake. In ya firgita, ƙwaƙwalwarsa ce ke zuga mafitsara. A ƙwaƙwalwar ɓera aka gano wasu 'yan ƙofofi a 1988, waɗanda sinadarin tabar wiwi ke bugawa. Jiki na da nasa mabuɗin, wanda ke sassauta fargaba, kuma masana na gwada ko shi ke rage yawan fitsarin. Nawa dai ranar bai fito aiki ba.