Wa Ya Gaya wa Ƙoda Ta Zama Ita Kaɗai?

Duk wanda ya taɓa aiki da fararen ɓerayen da ake kiwo don bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya san wani abin mamaki: idan aka cire wa ɓera ƙoda ɗaya, wadda ta rage takan soma girma cikin 'yan kwanaki, ta ɗauki mafi yawan aikin 'yar'uwarta. Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai ita ce, wa ya kai mata labari?

Amsar tana cikin jini. A 1931, Higgins da Anderson a Amurka sun yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, kuma cikin kimanin kwana goma nauyinta ya komo. Ɓangaren da aka yanke bai sake tsirowa ba, ragowar ce ta bunƙasa. A 1967, Moolten da Bucher suka haɗa jinin ɓeraye biyu yana gudana tsakaninsu, suka yanke hantar ɗaya. Sai ga ƙwayoyin hantar ɗayan, wadda wuƙa ba ta taɓa ba, sun fara hayayyafa. Ashe akwai manzanni cikin jini, sinadaran da ake kira homon da dangoginsu.

Aikinsu ya fi fitowa fili a ma'ajin ƙwai na mace. Ma'ajan biyu suna fitar da sinadarin inhibin, wanda ke taka wa fituwitari birki, wato 'yar halittar nan da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. In aka cire ɗaya, inhibin ya ragu, fituwitari ta ƙara sakin homon FSH, ma'ajin da ya rage ya riƙa sakin ƙwai kusan ninki biyu. A ƙoda kuwa, sinadarin girma IGF-1 ne ke ƙaruwa, kuma ɓeran da aka cire wa fituwitari girman ƙodarsa yakan yi rauni. Jiki yana auna aikin da ake bukata ne, ya kuma tsayar da girman da zarar giɓin ya cike.

Bara, a Sabon Gari, na zauna a taron dangi inda ake neman wanda zai ba wani ɗan'uwanmu ƙoda. Fargabar kowa ɗaya ce: mai bayarwa zai zama rabin mutum. Na yi musu bayanin cewa ƙodar lafiyayyen mutum takan kai kusan kashi 70 cikin 100 na aikin biyun. Amma na ƙara da cewa ƙodar da ke aikin biyu ba ta da mataimaki, kuma hawan jini da ciwon suga su ne manyan abokan gābarta. Shi ya sa likitoci ke tsananta gwaji kafin su karɓi kyautar. Ƙanensa ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi ranar da za a fara gwajin.