Na bar jaki, na doki taiki

 Yau labarin wani kuskurena zan ba ku, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Ni ne magatakardan ƙungiyar manoman albasa ta ƙauyenmu, a yankin Galmi, cikin jihar Tawa. Muna da kwamfuta guda, irin wadda ake ninkewa kamar littafi. Ta hannu muka saye ta. A cikinta nake rubuta bashin taki da na iri, da buhunan da kowa ya kawo. In lissafin nan ya ɓace, zaman lafiyar ƙungiya ya ɓace.

A bazarar 2023, lokacin cirar albasa, kwamfutar ta fara nauyi. In na kunna ta, sai na sha shayi kafin ta buɗe. Ɗan ƙanwata yana karatu a Maraɗi, ya zo hutu. Ya duba ta, ya ce:

"Kawu, Windows ɗinku ya tsufa. Windows 7 ne, masu shi sun daina kula da shi tun watan Janairu na 2020. Bari in sa muku Windows 10."

Windows shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kamar maigida yake, shi ke raba wa kowa aikinsa. Yaron ya fara kwashe lissafinmu ya zuba cikin kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta a gefe. Sannan ya share tsohon Windows, ya sa sabo.

Washegari na zauna aiki. Ina cikin rubutu, sai kwamfuta ta cije. Kibiyar allo tana motsi, amma ba abin da ke buɗewa. Can kuma sai kibiyar ma ta tsaya. Na danne maɓallin kunnawa har ta mutu, na sake tada ta. Sunaye 12 da na rubuta, duk sun tafi. A wunin nan sau huɗu ta yi mini haka. Ga shi saura kwana 9 a yi taron rabon kuɗi.

Raina ya ɓaci. A gaban ƴan kwamiti na ce yaron nan ya lalata mana kayan aiki. Ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba. Da dare ya sake sa Windows daga farko. Ba abin da ya canza.

Ranar kasuwa muka ɗauke ta, ni da shi, muka kai wa wani mai gyara a Birnin Kwanni. Na ce ya mayar mana da tsohon Windows. Ya yi murmushi, ya ce:

"Malam, in injin ban ruwanka ya ƙi tashi, mi kake fara dubawa?"

Na ce mai, sannan buji, sannan matatar iska.

Ya ce: "To, haka kwamfuta take. Abu ɗaya ake dubawa, a gama da shi, a wuce na gaba. In ka taɓa abu uku lokaci guda, ba ka sanin wanda ya yi magani."

Na fiddo kayena da alƙalami, na rubuta duk abin da ya yi. Ga shi nan, ku ma ku riƙe.

Da farko ya bar ta har ta cije. Sai ya danna maɓallin manyan baƙaƙe, mai ƴar fitila. Fitilar ta kama, ya sake dannawa ta mutu. Ya ce alama ce kwamfutar ba ta sandare gaba ɗaya ba, wani abu take jira. Sauran aiki shi ne a gano abin da take jiran.

Na biyu, ya tambaya ko mun bar ta ta gama sabunta kanta. Sabon Windows yakan yi ta jawo gyare-gyare daga intanet a kwanakin farko, sai kwamfuta ta yi nauyi. Wani lokaci haƙuri kawai ne magani. Yaron ya ce ya bar ta ta gama. Aka wuce nan.

Na uku, ya yi zancen direba, wasu kuma suna cewa pilot. Ba direban mota ba. Ƴar manhaja ce mai aikin tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na kwamfuta: allo da nasa, sauti da nasa, intanet da nasa. In an sa sabon Windows, tsofaffin tafintoci sun tafi. In wanda ya maye gurbi bai dace ba, sai kwamfuta ta riƙa tsayawa. Ya ce sau da yawa nan matsalar take. Don a gane, ya riƙe maɓallin Shift, ya ce mata ta sake tashi, ya zaɓi hanyar da take tashi da ƴan tafintoci kaɗan, ba ƙarin kaya. In ta zauna lafiya a haka, to laifin direba ne ko wata manhaja. Tamu ko a haka sai da ta cije. Na saci kallon yaron, na ga ya ɗago kai.

Na huɗu, zafi. Kwamfuta tana da ƴar fanka a ciki, da ƙofofin iska a ƙasa da gefe. Ƙurar hunturu tana toshe su. Ya buɗe bayanta, ya fiddo ƙura curi guda kamar audugar da aka dunƙule. Ya ce kada in ƙara aza ta bisa katifa ko bargo, sai bisa tebur ko faffaɗan katako. Muka yi murna, mun zaci an gama. Bayan minti 20 ta sake cijewa.

Na biyar, ya duba abin da suke kira RAM. Ku ɗauke shi kamar tabarmar da kake baza hatsin da kake awo yanzu. In tabarma ta yi ƙarama ko ta huje, aiki ba ya tafiya. Tamu jiga 4 ce, ta isa ɗaukar Windows 10. Windows yana da abin gwajin RAM a jikinsa. Ya sa ta yi gwajin, ba a samu aibi ba.

Saura rumbu, wato faifan da ke ajiye komai ko an kashe kwamfuta. Ya danna maɓallai uku tare: Ctrl, Shift da Esc. A kwamfuta mai faransanci, Échap aka rubuta a madadin Esc. Wani allo ya fito mai nuna wahalar da kowane sashe yake sha. Faifan yana kan 100 bisa 100, alhali ba mu sa shi aikin komai ba. Ya ce in kara kunne. Na ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali.

Bai tsaya nan ba. Ya kawo kile mai wata babbar manhaja da ake kira Linux. Ita tana iya tashi daga cikin kile, ba ruwanta da faifan. Kwamfuta ta yi aiki tun azahar har la'asar sakaliya, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Da Linux ɗin ya karanta rahoton lafiya da faifai yake ajiyewa game da kansa. Wurare da yawa a jikinsa sun lalace.

Ya ce irin wannan faifai juyawa yake yi, yawancinsu sau 5400 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai karatu a kansa. Shekaru da jijjigar babur suna gajiyar da shi. Nauyin da kwamfutar ta fara tun farko, ciwon faifan ne. Sa sabon Windows ya sa an rubuta dubban fayiloli a kansa, kuma Windows 10 ya fi na da sa faifai aiki. Kamar a labta wa jaki marar lafiya kaya ne. Ba kayan ne suka kawo ciwon ba, tona shi kawai suka yi.

Ya sa mana sabon faifai, irin wanda ake kira SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa. Yaron da hannunsa ya sake sa Windows, ya mayar da lissafi daga kile. Mai gyara ya dube ni, ya ce:

"Malam, ka gode wa yaron nan. Da bai kwashe lissafinku ba tun farko, da wata safiya faifan ya mutu da shi a ciki."

Kunya ta rufe ni. A gaban mutane na ɗora masa laifi, don haka a gaban mutane na wanke shi. Ranar taro, kafin a fara rabo, na miƙe na ce na bar jaki na doki taiki. Na ce: "Ɗana, ka yafe mini." Ya ce: "Ba komai, Kawu." An yi rabo, kowa ya karɓi haƙƙinsa, ko dala ba ta ɓace ba.

Ƴan'uwa, sake sa Windows yana gyara abin da ya rikice a manhaja, amma ba ya warkar da ƙarfen da ya gaji. In kwamfutarku ta cije bayan an sake mata manhaja, ku fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ku duba abu ɗaya ɗaya, ku rubuta abin da kuka gani. Ku kuma sani, shi ma Windows 10 an daina kula da shi kamar da tun watan Oktoba na 2025, sai ku tambayi mai gyara abin da kwamfutarku za ta iya ɗauka.

Ni dai yanzu kowace Juma'a sai na zuba lissafi cikin kile biyu, ɗaya wurina, ɗaya wurin ma'aji. Babban littafinmu na takarda ma ban aje shi ba. Bakina kuma na koya masa jira, sai an gama bincike.

Sai mun sake saduwa.